Shari'ar Da 'Yan Kallo Suka Yi Wa Fim Ɗin Jai Bhim

Ranar 2 ga Nuwamba, 2021, ana saura kwana biyu bikin Diwali, aka saki fim ɗin Jai Bhim a manhajar Amazon Prime Video. Bai bi ta gidajen sinima ba, kai tsaye ya faɗa wayoyi da talabijin na mutane. Kafin watan ya ƙare abubuwa biyu sun faru waɗanda ba kasafai suke haɗuwa a kan fim ɗaya ba. A shafin IMDb, inda 'yan kallo ke ba fina-finai maki, ya samu 9.6 cikin 10, har ya ɗare kan The Shawshank Redemption na Amurka wanda ya daɗe yana riƙe da kambun. A birnin Chennai kuma, 'yan sanda ɗauke da bindigogi suna gadin ƙofar gidan jarumin fim ɗin, Suriya, saboda barazanar da ake yi masa. Fim ne na kotu, amma zaman da ya fi zafi ba a cikinsa aka yi ba, a tsakanin waɗanda suka kalle shi aka yi.

Labarin, wanda T. J. Gnanavel ya rubuta ya kuma ba da umarni, da harshen Tamil aka yi shi. Rajakannu da matarsa Sengeni 'yan ƙabilar Irula ne, mutanen da ke kama ɓeraye a gonakin masu hali, a kira su idan maciji ya shiga gida, a sallame su da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ba su da fili, ba su da katin zaɓe, ba su da wata takardar da ke nuna gwamnati ta san da zamansu. Wata rana aka kira Rajakannu gidan wani babban mutum na ƙauyen ya fitar da maciji daga ɗaki. Bayan haka aka nemi sarƙoƙin gwal a gidan aka rasa. Shi kuwa ya riga ya tafi cin rani wurin gasa bulo. Da 'yan sanda suka zo ba su same shi ba, sai suka kwashe matarsa da tsohon ciki, da 'yan uwansa, suka yi ta jibga. Daga baya aka kamo shi, aka azabtar da shi tare da 'yan uwansa maza biyu, sannan aka wayi gari aka ce su ukun sun tsere daga caji ofis. Wata malamar yaƙi da jahilci ce ta kai Sengeni wurin lauya Chandru, shi kuma ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Madras, irin ƙarar da ake tilasta wa hukuma ta fito da mutumin da ta tsare, a gan shi da ido.

Ba ƙirƙira ba ce daga sama. A 1993 aka yi ainihin abin a gundumar Cuddalore ta jihar Tamil Nadu, kuma K. Chandru mutum ne da ke raye, wanda daga baya ya zama alƙali a wannan kotun daga 2006 zuwa 2013, ya yanke hukunci a kan ƙararraki kusan 96,000. An san shi da ƙin karɓar ko kwabo a shari'un kare haƙƙin ɗan Adam lokacin yana lauya. Wannan iƙirari na cewa labarin gaskiya ne shi ya ba fim ɗin ƙarfinsa, kuma shi ne ya jawo masa kusan duk rigimar da ta biyo baya.

Mu fara da masu yabo, domin su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Abin da suka fi nanatawa shi ne sun kasa barci bayan kallo. Babban ministan jihar na lokacin, M. K. Stalin, shi ma ya yaba, ya ce fim ɗin ya tuna masa zamansa na gidan yari a 1976 lokacin dokar ta-ɓaci. Mutanen birni da dama sun ce ba su taɓa sanin akwai irin wannan rayuwa a jihar da suka tashi a cikinta ba. Kuma akwai dalilin da ya sa zukata suka kasance a shirye. Shekara ɗaya da 'yan watanni kafin fitowar fim ɗin, a Yunin 2020, wani uba da ɗansa masu shagon waya sun mutu bayan 'yan sandan garin Sathankulam sun tsare su a kan zargin barin shago a buɗe lokacin kullen korona. Jihar gaba ɗaya ta girgiza. Ke nan wanda ya zauna kallon Jai Bhim bai buƙaci a gamsar da shi cewa ana kashe mutane a bayan kanta ba.

Fitowar farko ta fim ɗin ita ce aka fi yaɗawa, kuma a ganina ta cancanta. Ana sakin fursunoni a ƙofar gidan yari, jami'i yana tambayar kowa ajinsa na haihuwa. Wanda ya ambaci aji mai galihu a ce ya wuce. Wanda ya ambaci Irula ko Kurava ko makamantansu a ce ya koma gefe ya tsaya. Can gefe kuma 'yan sanda daga ofisoshi daban-daban suna jira, suna rabon mutanen a tsakaninsu, kowa ya ɗauki waɗanda zai ɗora wa tsofaffin ƙararrakin da ya kasa warwarewa. Babu kiɗa mai tayar da hankali, babu ihu. Ciniki ne ake yi cikin natsuwa, kamar a kara ranar kasuwa. Tushen wannan ɗabi'a tsoho ne: a 1871 Turawan mulkin mallaka na Ingila suka kafa dokar da ta ayyana wasu ƙabilu ɗungurungum a matsayin masu laifi tun daga haihuwa. An soke dokar bayan 'yancin kai, amma ba a soke ta daga kawunan masu kaki ba.

Sai kuma yadda aka tafiyar da zaman kotun. Wanda ya saba da finafinan Kudancin Indiya ya san abin da ake tsammani daga jarumi kamar Suriya, mutumin da ya yi suna da fitowa a ɗan sanda mai naushi a jerin finafinan Singam. A nan bai daki kowa ba. Makaminsa rajistar caji ofis ce, da takardar kiran waya, da hoton gawar Rajakannu da aka tsinta a bakin titi kusa da iyakar Pondicherry. Yana kama shaidun ƙarya da tambaya ɗaya bayan ɗaya har maganarsu ta ci karo da juna. Da lauyoyin gwamnati suka ce ba a yi wa shaidu tambayoyi a irin wannan ƙara, sai ya kafa hujja da shari'ar Rajan, ɗalibin nan na jihar Kerala da ya ɓace a hannun 'yan sanda a 1976. 'Yan kallo da yawa sun ce a nan suka fara sanin cewa talaka na iya tsayawa gaban babbar kotu ya ce a fito masa da nasa. Wannan ilimi ne na gaske, kuma fim ɗin ya isar da shi inda littafin doka ba zai taɓa kaiwa ba.

Game da makin IMDb, kada a ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Jaruman Tamil suna da ƙungiyoyin masoya masu tsari, waɗanda kan yi dafifi su ba da cikakken maki a kwanakin farko, kuma makin ya sauka daga baya kamar yadda aka saba. Abin da lambar ta nuna shi ne yawan mutanen da suka ji cewa dole su ce wani abu. Cewa fim ɗin ya zo na ɗaya a jerin finafinan da aka fi nema a Google a Indiya cikin 2021 ya fi faɗa mana gaskiyar yadda ya ratsa ƙasar.

Ƙorafin farko ya zo ne daga arewa, a kan mari guda ɗaya. Akwai inda babban jami'in 'yan sanda Perumalsamy, wanda Prakash Raj ya fito a matsayinsa, yake yi wa wani mai karɓar jinginar gwal tambayoyi. Mutumin ya juya yana magana da Hindi, jami'in ya kwaɗa masa mari ya ce ya yi Tamil. Masu jin Hindi suka ce an ci mutuncin harshensu. Mutanen Tamil Nadu, waɗanda suka yi zanga-zangar ƙin tilasta musu Hindi har aka rasa rayuka a 1965, wasunsu suka yi ta tafi. Prakash Raj ya amsa cewa mutumin ya iya Tamil sarai, ya koma Hindi ne don ya kauce wa tambaya. Wannan gaskiya ne a cikin labarin. Sai dai abin da ya fi damuna ɓangarorin biyu ba su tsaya a kansa ba: fim ɗin da ya shafe fiye da awa biyu da rabi yana la'antar dukan wanda ake tuhuma, ya bar ɗan sandansa na kirki ya mari wanda ake tuhuma, kuma ya shirya fitowar yadda mai kallo zai ji daɗi. A nan darakta ya saɓa wa kansa.

Rigimar da ta fi girma a cikin gida ta tashi, kuma a kan kalanda. A wata fitowa a gidan mugun ɗan sandan nan da ya jagoranci azabtarwar, an ga kalanda rataye a bango ɗauke da hoton tukunya mai ci da wuta. Wannan tambari ne na ƙungiyar Vanniyar Sangam, ta al'ummar Vanniyar, masu yawa da ƙarfin siyasa a arewacin jihar. Ƙari a kan haka, an bar sunayen Chandru da Perumalsamy da Rajakannu yadda suke a zahiri, amma ɗan sandan aka sauya masa suna zuwa Gurumoorthy, har ana taƙaita shi a ce Guru. 'Yan Vanniyar suka ce da marigayi jagoransu Kaduvetti Guru ake yi, alhali ɗan sandan gaske ba nasu ba ne. Anbumani Ramadoss na jam'iyyar PMK ya rubuta wa Suriya buɗaɗɗiyar wasiƙa cike da tambayoyi. Ƙungiyar Vanniyar Sangam ta aika takardar lauya tana neman diyyar rupi miliyan 50. Wani jami'in jam'iyyar a gundumar Mayiladuthurai ya yi shelar tukuicin rupi dubu 100 ga duk wanda ya kai wa jarumin hari. Masu fim ɗin sun sauya hoton kalandar cikin 'yan kwanaki, darakta ya fito ya ce shi ke da alhakin abin, ba da niyya aka yi ba, ya kuma nuna nadamarsa ga waɗanda abin ya ɓata wa rai.

Ba na cikin masu cewa ƙorafin nan shirme ne. Fim ɗin da jigonsa shi ne haramcin ɗora wa ƙabila laifin mutum ɗaya, bai kamata a same shi da sakaci a kan tambarin wata ƙabila a ɗakin mai kisa ba. Wanda ya ce wa duniya labarinsa gaskiya ne ya ɗauki amana, duk abin da ya ƙara ko ya rage za a tambaye shi. Matashin Vanniyar da ya zauna kallo da zuciya ɗaya, ya tausaya wa Sengeni, sannan ya hango alamar gidansu a bayan azzalumi, yana da haƙƙin ya ji zafi. Amma daga jin zafi zuwa sa farashi a kan jikin mutum akwai tazara mai nisa. Kuma bayan an cire hoton an ba da haƙuri, ci gaba da hura wutar ya nuna cewa wasu ba gyara suke nema ba, riba suke nema. A watan Agustan 2022 Babbar Kotun Madras ta soke tuhumar da aka shigar a kan Suriya da darakta.

Akwai wani sauyi da fim ɗin ya yi wanda ya fi na kalanda nauyi, amma bai samu ko kashi ɗaya cikin goma na hayaniyar ba. Rajakannu na gaske ba ɗan Irula ba ne, ɗan Kurava ne. Wasu daga cikin Kurava sun yi magana, sun ce mamacin nasu ne, azabar tasu ce, amma aka ɗauki labarin aka ba wasu. Suriya ya ba da gudummawar rupi miliyan 10 ga wata gidauniyar ilimin 'ya'yan Irula, abin a yaba, sai dai hankalin jama'a da tausayinsu duk can suka karkata. Matar mamacin ta gaske kuwa, 'yan jarida ne suka gano tana raye cikin talauci bayan fim ɗin ya fito, sannan jarumin ya sanar da ajiye mata kuɗi a banki don ta riƙa cin ribarsu. Me ya sa kukan Kurava bai kai ko'ina ba? Ba su da jam'iyya, ba su da kujeru a majalisa, ba su da dubban matasa masu wayoyi. Idan aka jera ra'ayoyin 'yan kallon nan aka auna, za a ga ƙarar murya ba ta bi girman rauni ba, ƙarfin mai muryar ta bi. Wannan shi ne ainihin abin da fim ɗin yake faɗa game da kotu da caji ofis, sai ga shi ya maimaitu a kan fim ɗin kansa.

Wani rukunin masu suka daga cikin masoya manufar fim ɗin suka fito, kuma maganarsu ta fi wuyar turewa. Suka ce an sake ba da tsohon labarin mai ceto: talakawa suna kuka, wani mai ilimi daga waje ya zo ya share musu hawaye. Suka ce an daɗe ana nuna duka, da tuɓe mutane, da zuba garin barkono a ido, har abin ya zama kamar ana sayar da azabar marasa galihu ga masu kallo a kan kujerun falo. Wasu kuma suka tsaya a kan sunan fim ɗin, wanda gaisuwa ce da kirari na mabiya B. R. Ambedkar, jagoran waɗanda aka mayar ƙasan kowa kuma shugaban kwamitin da ya tsara kundin mulkin Indiya, alhali jajayen tutocin 'yan kwaminis sun fi yawa a ciki. Na ƙarshen bai dame ni ba, domin Chandru daga wannan tafiyar ya fito kuma 'yan jam'iyyar kwaminis sun taka rawa a shari'ar gaske. Batun azaba kuwa, na yarda an maimaita fiye da buƙata, ko da yake wanda ya fito a mugun ɗan sandan, Tamizh, ya taɓa aikin ɗan sanda kafin ya shiga fim, kuma natsuwar da yake duka da ita ta fi jinin da aka nuna ban tsoro.

Maganar mai ceto ce nake ganin ba a yi wa fim ɗin cikakken adalci ba. A duba Sengeni yadda Lijomol Jose ta fito da ita. Wani babban jami'in 'yan sanda daban ya kira ta ofis ya yi mata tayin kuɗi ta janye ƙara, ta ƙi, ta ce ba za ta ciyar da 'ya'yanta da kuɗin waɗanda suka kashe ubansu ba. Akwai kuma inda aka tilasta wa 'yan sandan da suka ɗauke ta su mayar da ita gida. Ta ƙi shiga motarsu. Ta kama hannun 'yarta ta taka da ƙafa, da cikinta a gaba, motar tana binta a baya sannu a hankali, mutanen gari suna kallo. Lauya bai ce uffan a wurin ba, ba ya ma nan. Ba don ta tsaya ba, da babu ƙarar da zai shigar. Da na so a ce an ba ta lokaci a fim ɗin daidai da na Suriya, amma ba za a ce ba ta da murya ba.

Bahaushen da ya tashi da kallon finafinan Indiya, tun daga sinimomin Kano da Jos har zuwa zamanin fassara, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Kama mata a madadin miji, ko tsoho a madadin ɗansa, abu ne da muka sani, har sai da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 a Najeriya ta fito fili ta haramta shi, aka kuma kafa dokar hana azabtarwa a 2017. Mafi yawan mazauna gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Kuma mun san yadda sunan ƙabilar mutum kaɗai kan sa a tsayar da shi a shingen bincike a bar na bayansa ya wuce. Wanda ya san waɗannan zai fahimci dalilin da ya sa jama'a suka rungumi fim ɗin da hannu biyu, zai kuma fahimci haɗarin da ke cikin daɗin ƙarshensa.

Domin a fim, alƙalai suna saurare, jami'i mai gaskiya yana bincike, hukunci yana zuwa kafin mai kallo ya tashi daga zaune. A zahiri an shafe kimanin shekara 13 kafin shari'ar ta kai ƙarshe a tabbatar wa 'yan sandan ɗauri. Lauyoyin da suka yi sharhi a kan fim ɗin sun yi ta jan hankali cewa nasarar Chandru ba ita ce al'ada ba. A cikin watan da fim ɗin ya fito jaridun Indiya suka buga alƙaluman hukumar tattara bayanan laifuka ta ƙasar: daga 2001 zuwa 2020 mutum 1,888 suka mutu a hannun 'yan sanda, waɗanda aka samu da laifi a kotu kuwa 'yan sanda 26 ne kacal. A Agustan 2023, da aka sanar da kyaututtukan finafinai na ƙasa, Jai Bhim bai samu ko ɗaya ba, masoyansa suka sake cika kafofin sada zumunta da fushi na kwana da kwanaki. Ban ga an yi irin wannan fushin a kan waɗancan alƙaluma ba, ko a kan cewa Indiya ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa tun 1997 amma ta bar ta ba ta tabbatar da ita ba.